Gidan Kisa a Harabar Makaranta

A tsakiyar ƙarnin da ya gabata, babu abin da ɗan firamare a ƙasar Niyu Zilan yake tsoro kamar a ƙwanƙwasa ƙofar ajinsu ana tsakiyar darasi. Mai shigowar yawanci ɗalibi ne ɗan'uwansa, an aiko shi da sunan wanda layi ya zo kansa. Wanda aka kira sai ya miƙe jiki a sanyaye, ya ratsa filin wasa zuwa wani ɗan ɗakin katako da ke gefen harabar makaranta. A ciki akwai kujera mai jingina, da warin magani, da wata mace sanye da fararen kaya da jar rigar sanyi, tana jiransa da injin huda haƙori. A shekarun farko da ƙafa ake taka injin, kamar keken ɗinki, kuma sau da yawa ba a yin allurar kashe zafi. Idan an gama, takan naɗa wa yaron ɗan malam-buɗe-littafi ko ƙudan zuma da auduga don ta lallashe shi. Lallashin bai hana yaran laƙaba wa ɗakin sunan da ya bi shi fiye da shekara hamsin ba: gidan kisa.

Wannan ɗaki shi ne ginshiƙin shirin kula da haƙoran 'yan makaranta mafi shahara a duniya. Ƙasashe da dama sun aika wakilai sun gani, sun koma gida sun kwaikwaya. Sai bayan rabin ƙarni aka tsaya aka yi tambayar da ta kamata a fara da ita: shin haƙoran yaran sun daina ruɓewa?

Ba tausayin yara ne ya fara jawo hankalin gwamnatocin Turai ga bakin ɗalibai ba. Yaƙi ne. A yaƙin da Birtaniya ta yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, an mayar da dubban samari daga wurin ɗaukar soja saboda lalacewar haƙora, wasu kuma da suka isa fagen daga aka dawo da su gida don sun kasa tauna busasshen biskit da naman gwangwani da ake ciyar da mayaƙa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A cikin ƙarni na 19 sukari ya sauka daga teburin attajirai ya shiga kofin shayin lebura, musamman bayan an soke harajinsa a 1874, yaran talakawa suka tashi da burodi da shayi mai zaƙi. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ba da rahoto a 1904 kan taɓarɓarewar lafiyar al'umma, a 1907 kuma aka yi dokar duba lafiyar ɗalibai a makarantun gwamnati. A wannan shekarar ce wani likitan haƙori mai suna George Cunningham ya buɗe asibitin haƙoran yara a Cambridge. Jamus ta riga su: Ernst Jessen ya buɗe irinsa a Strasbourg tun 1902, lokacin birnin yana hannun Jamusawa.

Ilimin cutar ma bai daɗe da tsayawa da ƙafafunsa ba. Al'ummomi da yawa, har da Hausawa, sun daɗe suna ɗora laifin ramin haƙori a kan tsutsa. A 1890 wani Ba'amurke mazaunin Berlin, Willoughby Miller, ya bayyana abin da ke faruwa: ƙwayoyin cuta da ke zaune a dauɗar da ke manne wa haƙori suna cin sukari da gari, su fitar da tsami, tsamin kuma ya riƙa narkar da farin rufin haƙori sannu a hankali har ya yi rami. Daga wannan bayani hanya ta rabu biyu. Ko dai a hana ramin samuwa, ko a jira ya samu a cike shi. Alfred Fones na garin Bridgeport a Amurka ya bi ta farko. A 1913 ya fara horar da mata su riƙa wanke haƙoran ɗalibai suna koya musu riƙon buroshi. Niyu Zilan ta fi karkata ga ta biyu, kuma tana da dalilinta.

Kanar Thomas Hunter shi ne ya shugabanci rundunar likitocin haƙori ta sojan ƙasar a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ga bakunan samarin da aka ɗauka da idonsa. Da yaƙi ya ƙare aka ba shi sashen kula da lafiyar haƙori a ma'aikatar lafiya, sai ya yi lissafi mai sauƙi. Likitocin ƙasar ba su isa ba, suna taruwa a birane, kuma ba su da sha'awar zama da yaro mai kuka a kan kuɗi kaɗan. Shawararsa ita ce a ɗauki 'yan mata, a horar da su shekara biyu kacal a kan haƙoran yara, gwamnati ta biya su albashi, a ajiye su a cikin makarantun kansu. Likitoci da yawa suka tashi haiƙan, ciki har da Henry Pickerill, shugaban makarantar koyon likitancin haƙori ta Jami'ar Otago. A ganinsu, ba a miƙa injin huda haƙori ga wanda bai yi cikakken karatu ba. Hunter ya kwantar da hankalinsu da sharaɗin cewa matan ba za su taɓa yin aiki a wajen gwamnati ba, ba za su taɓa babba ba. Wato ba za su ci kasuwar kowa ba. Zaɓen mata ma akwai lissafi a cikinsa: an ce sun fi haƙuri da yara, amma albashinsu ya fi araha, kuma ana sa ran yawancinsu za su bar aiki da zarar sun yi aure.

A watan Afrilun 1921 rukunin farko, mata kimanin talatin, suka fara karatu a Wellington. A 1923 suka fita aiki. Garin da yake son a turo masa nas sai ya kafa kwamiti, ya tara kuɗi, ya tanadi ɗaki. Wasu an tura su ƙauyuka masu nisa, yarinya ita kaɗai da akwatin kayan aiki, tana dafa ƙarafanta a kan risho. Abin da suka tarar ya wuce misali: yara masu ƙurji a dasashi, da turame da suka ruɓe har ƙasa. A shekarun farko yawan haƙoran da ake cirewa ya kusa kamo yawan waɗanda ake cikewa.

Duk wanda zai yi wa shirin hukunci ya kamata ya fara da wannan. Ciwon haƙori yana hana yaro barci da cin abinci da karatu, kuma kafin zuwan matan nan maganinsa ɗaya ne, a fizge haƙorin, idan ma an samu mai fizgewa. Cikin shekaru talatin zuwa arba'in suka mayar da cire haƙorin ɗalibi abin da ba a cika gani ba. Ana duba kowane yaro duk bayan wata shida, ɗan attajiri da ɗan makiyayi a kujera ɗaya. A 1947 aka faɗaɗa kulawa kyauta zuwa ga matasa ta hannun likitoci masu zaman kansu. An ƙara makarantun horarwa a Auckland da Christchurch a shekarun 1950, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1970 ma'aikatan sun haura dubu ɗaya, kusan duk ɗan firamare a ƙasar yana cikin rajista.

Labari ya bazu. A 1951 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa rahoton wani likita Ba'amurke, John Fulton, wanda ya je ya duba aikin ya yaba ingancinsa. Malaya, wadda ta zama Malesiya, da Singafo da Siri Lanka suka kafa nasu. Birtaniya ta buɗe makaranta irin wannan a Landan a 1960. Jihar Tasmania ta Ostireliya da lardin Saskatchewan na Kanada suka biyo baya. A Amurka kuwa jihar Massachusetts ta gwada a 1949, ƙungiyar likitocin haƙori ta matsa lamba aka soke dokar cikin shekara guda. Sai bayan fiye da shekara hamsin, a 2003, al'ummomin asali na Alaska, waɗanda ƙauyukansu kan yi watanni ba su ga likita ba, suka tura 'ya'yansu Otago don su koyo aikin. Ƙungiyar ta kai su kotu, ba ta yi nasara ba.

Amma a daidai lokacin da duniya ke yabon gidan kisa, ana gano wasu abubuwa a wasu wurare da za su girgiza tushensa.

Na farko ya fito ne daga wani gwaji da babu mai alfahari da shi yau. A asibitin Vipeholm da ke birnin Lund na ƙasar Suwidin, inda ake tsare da masu naƙasar ƙwaƙwalwa, hukumomi suka fara bincike a 1945 kan dangantakar abinci da ruɓewar haƙori. An raba majinyata rukuni-rukuni. Wasu ana ba su sukari tare da abinci, wasu kuma ana ba su wata alewa mai danƙo da aka haɗa musamman don ta manne a haƙori, har guda 24 a yini, suna tsotsa tsakanin abinci. Ba a nemi yardarsu ba, ba su da ikon bayarwa ma. Haƙoran da yawansu suka lalace. Sakamakon da aka wallafa a 1954 ya nuna cewa yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki, da daɗewarsa a manne, sun fi jimillar sukarin da aka sha illa. Bakin da aka bari ya huta yana gyara kansa, domin miyau yana wanke tsami ya mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa; bakin da alewa ba ta fita daga cikinsa ba ya samun wannan sarari. Daga nan Suwidin ta samo al'adar da take kai har yau, ta ware wa yara ranar Asabar kaɗai don shan alewa.

Na biyu shi ne sinadarin fuloraid. Wani likita, Frederick McKay, ya isa Colorado Springs a 1901 ya tarar da mutanen garin da haƙora masu tabo ruwan ƙasa, amma abin mamaki ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 aka tabbatar cewa fuloraid ne mai yawa a ruwan shansu. Trendley Dean na hukumar lafiyar Amurka ya bi sawu ya gano ma'aunin da ke kare haƙori ba tare da ɓata shi ba, wajen kashi ɗaya cikin miliyan. A watan Janairun 1945 birnin Grand Rapids ya zama na farko da ya zuba shi a ruwan famfo da gangan. Garin Hastings na Niyu Zilan ya bi sahu a 1954. Maganar ma'auni ba wasa ba ce, kuma ƙasar Hausa ta san haka da jikinta: a Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da fuloraid fiye da kima, yara masu yawa suka tashi da tabon haƙora da lanƙwasassun ƙafafu. Abin da ke magani a ɗan kaɗan shi ne guba idan ya yi yawa. Hanyar da ta fi yaɗuwa a ƙarshe ba ta famfo ba ce, ta man goge baki ce. Crest ya shiga kasuwar Amurka a tsakiyar shekarun 1950, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 yawancin man da ake sayarwa a ƙasashe masu arziki yana ɗauke da sinadarin. Ruɓewar haƙoran yara ta faɗi warwas a waɗannan ƙasashe, masu fuloraid a ruwa da marasa shi, masu nas a makaranta da marasa ita.

Ranar wanka ta zo wa Niyu Zilan a 1973, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara wani binciken kwatanta tsarin kula da haƙori na ƙasashe daban-daban, aka ɗauki yankin Canterbury a matsayin wakilin ƙasar. Ta fuska ɗaya sakamakon abin alfahari ne: da wuya a ga ramin da ba a cike ba a bakin ɗan shekara 13 ko 14. Ta ɗaya fuskar kuwa, bakunan yaran cike suke da ciko, fiye da na takwarorinsu a yawancin wuraren da aka auna. Cutar tana nan daram, an dai bi ta da gamin azurfa da zaiba an toshe duk inda ta ɓulla. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne manya 'yan shekara 35 zuwa 44, waɗanda da yawansu sun zauna a kujerar nas suna yara: kimanin kashi ɗaya cikin uku ba su da haƙori ko ɗaya nasu na halitta, sai na roba.

Yaya aka yi haka? Wani ɓangare na amsar yana cikin koyarwar zamanin. Littattafan da aka gada daga G. V. Black, wanda ake kira uban likitancin haƙori na zamani, sun koyar da a faɗaɗa rami a yanke har da lafiyayyen gefe don kada cutar ta dawo. Wasu ma sun tafi a kan a huda tsagin turmi mai lafiya a cike shi tun kafin ya ruɓe. Wani ɓangaren kuma yana cikin yadda ake auna aiki. Abin da ake iya ƙirgawa a rubuta a rahoton wata shi ne ciko nawa aka yi. Haƙorin da aka hana ruɓewa ba ya bayyana a kowane shafi. Ga shi kuma ciko ba ya dawwama. Yakan tsage ko ya saki, a sake hudawa, ramin ya ƙara faɗi, har ranar da babu abin da ya rage sai cirewa. Haƙorin da aka fara hudawa yana shekara bakwai ya hau hanyar da ƙarshenta sananne ne. Laifin ba na matan ba ne. Abin da aka koya musu aka kuma auna su da shi suka yi, da ƙwarewa. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka sauya umarni: inda ake shakka kada a huda, a shafa fuloraid a sa ido. Cikin 'yan shekaru yawan cikon ya ragu ƙwarai, haƙoran kuma ba su zube ba.

Za a iya cewa, to ai sai a koma ga wayar da kai. Nan ma tarihi bai yi wa masu wannan fata daɗi ba. Nas-nas ɗin Niyu Zilan ba su taɓa daina koyarwa ba. Suna shiga aji da manyan haƙoran roba da buroshi, bango cike da hotunan wani mugun ƙwaro mai suna Bertie Germ da ke haƙa rami a haƙoran yara marasa jin magana. Duk wanda ya yi firamare a Kano ko Zariya ya san irin wannan tarbiyya, ranar da malami ke bin layi a taron safe yana duba farce da haƙora, bulala a hannu. A 1996 wasu masu bincike biyu, Elizabeth Kay da David Locker, suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan koyar da tsaftar baki suka auna su. Abin da suka samu shi ne darasi yana ƙara wa yaro sani, wani lokaci ya gyara gugarsa na ɗan lokaci, amma babu hujjar cewa shi kaɗai yana rage ruɓewa. Ba abin mamaki ba ne. Ɗan shekara shida ba shi ke sayen makilin ba, ba shi ke zuba sukari a shayi ba, ba shi ya ba mai tallar alewa wuri a ƙofar makaranta ba. Gugar ma kanta, da buroshi ne ko da aswaki, tana cire dauɗa ta kyautata dasashi idan an iya ta, amma kariyar da aka fi tabbatarwa daga ruɓewa tana zuwa ne daga fuloraid ɗin da ke cikin man. Tattara gwaje-gwaje da cibiyar Cochrane ta yi a 2003 ya nuna man mai fuloraid yana rage ruɓewar haƙoran yara da kimanin kashi 24 cikin ɗari.

Ƙasar da ta ɗauki wannan darasi da gaske ita ce Sikotlan, kuma tilas ce ta sa. Yaranta suna cikin masu mafi munin haƙora a yammacin Turai, hanyar ruwan famfo kuma a toshe take: wata dattijuwa a Glasgow, wadda ita kanta ba ta da haƙori, ta kai hukumar yankin Strathclyde ƙara, a 1983 kotu ta yanke cewa hukumar ba ta da ikon zuba fuloraid a ruwa. Har yau ba a zubawa. Saboda haka daga 2001 gwamnati ta fara biyan kuɗin wani abu da ba shi da kwarjini ko kaɗan: kowace rana, a makarantun renon yara, 'yan shekara uku da huɗu su zauna tare su goge haƙora da man fuloraid a gaban malamarsu. Kowane yaro da buroshinsa mai alama, a ɗiga masa man kamar ƙwayar wake, ya goge na minti biyu, ya tofar, kada ya kurkure don sinadarin ya zauna. Babu kujera, babu inji, babu likita a wurin. A 2006 aka gina shirin Childsmile a kan wannan tushe, aka ƙara rabon buroshi da man kyauta ga iyaye, da shafa fuloraid mai kauri sau biyu a shekara a unguwannin marasa ƙarfi, da ci gaba da gugar a azuzuwan farko na firamare a irin waɗannan unguwanni.

A 2003 kashi 45 cikin ɗari ne kawai na 'yan aji ɗaya a Sikotlan ba a ga alamar ruɓewa a bakinsu ba. A 2020 sun kai kashi 74. Masu bincike a Jami'ar Glasgow sun nuna cewa faɗuwar cutar a kowane yanki ta bi sawun lokacin da makarantunsa suka fara gugar, kuma kuɗin shirin, kimanin fam miliyan 1.8 a shekara, bai kai abin da aka tsimin na cirewa da cikewa da sa yara barci a ɗakin tiyata ba. Bambancinsa da darasin aji shi ne ba a gaya wa yaro ya je gida ya yi. A nan take ake yi, da kayan da gwamnati ta saya, ko gidansu akwai buroshi ko babu. Duk da haka tazara tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa ba ta rufe ba, ta dai ragu. Ingila, inda ruɓewar haƙori ke kan gaba cikin dalilan kwantar da 'yan shekara biyar zuwa tara a asibiti, sai a 2025 ta sanar da nata shirin na ƙasa.

A Niyu Zilan kuwa an daina kiran matan nas, horonsu ya koma jami'a, maza ma sun shiga aikin. Daga 2006 gwamnati ta fara rufe ƙananan ɗakunan harabar makaranta, ta maye gurbinsu da manyan cibiyoyi da motocin da ke zagayawa, ana kuma son uwa ko uba su zo tare da yaro. Kulawar kyauta ce har zuwa shekara 18. Yaran Maori da na tsibiran Pasifik har yanzu sun fi sauran fama da ruɓewa, kuma duk shekara dubban yara ake sa wa maganin barci a asibiti don a cire musu haƙora, wasunsu tun ba su kai shekarun famfara ba.